Abin da na sa a cikin kalkuletar Rahila

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Kakuri za su gane ni kafin su kai tsakiyar labarin, waɗanda ba su san ni ba kuma sunan ba zai ƙara musu komai ba. Da matasa nake magana, musamman masu ƙaiƙayin hannu, irin waɗanda in an ba su abu ba sa samun sukuni sai sun kwance shi sun ga cikinsa.

A Makera aka haife ni. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne har ranar da aka rufe ta, daga nan ya koma zaman ƙofar gida da rediyo a kunne. Na bar makaranta a aji biyar na sakandare, ba don ba na ganewa ba, sai don gida ya fi bukatar hannuna. Na koyi gyaran rediyo a wurin wani dattijo, daga baya na koma gyaran waya, na kafa teburina a bakin titi kusa da kasuwar Kakuri. Salla ba ta wuce ni, ba na shan komai, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. In da a lokacin wani ya ce mini zan ga cikin gidan yari, dariya zan yi masa. Ciwona ɗaya ne, kuma ban san ciwo ba ne: ina son a ce na iya.

Wata rana wani ɗalibi ya kawo mini kalkuleta irin ta 'yan kimiyya, allonta ya dusashe. Ba aikina ba ne, amma kasuwa babu ciniki, sai na karɓa. Ina tsakiyar goge madannanta yatsuna suka danne guda uku a lokaci ɗaya, sai allon ya cika da wasu lambobi da rubutu da ban taɓa gani ba. Na duba takardar bayanin da ke cikin kwalinta daga farko har ƙarshe, babu inda aka ambaci wannan. Ashe ƙofa ce da masu ƙera ta suka bar wa kansu don gwaji a masana'anta, ba su gaya wa mai saye ba.

Tun daga ranar na kamu. Na shiga bincike a waya, na tarar akwai mutane a ƙasashe daban-daban da ba su da abin nishaɗi sai wannan, suna tona asirin kalkuleta suna nuna wa juna. A wurinsu na koyi cewa kamfani ba ya wahalar da kansa ya ƙera fanel iri biyu, wato farantin layukan wuta da ke cikin na'ura. Fanel ɗin da ke cikin ƙarama mai araha shi ne a cikin babba mai tsada, sai dai a ƙaramar an bar wasu ɗigo biyu na tagulla ba a haɗa su ba. Na buɗe wata, na goga bakin fensir a tsakanin ɗigon don ya haɗa su, na mayar da batir. Ta tashi da ayyukan babbar gaba ɗaya. Na zauna ina kallonta ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗin da na ji a ranar mai tsabta ne, babu cutar kowa a cikinsa.

Sai na fara nunawa. Duk ɗalibin da ya tsaya cajin waya sai na ce ya kawo kalkuletarsa ya ga abin mamaki. Na bar fensir na koma ɗiga dalma don aikin ya daɗe. Yara suka sa mini suna Injiniya, kaina ya kumbura.

Labari ya kai kunnen wani mai makarantar lesin a wajen Gonin Gora, kowa Ticha yake ce masa. Mutum ne mai fara'a da tsabtar riga, ya iya zama da mutane. Ya zo ya zauna a bencina ya yi ta yaba hannuna har na ji kunya. Can sai ya fito da kalkuleta biyu daga jaka. Ɗaya irin wadda ake rubuta wa umarni ta ajiye rubutu, wadda aka hana shiga da ita ɗakin jarrabawa. Ɗayar kuma ta gama-gari, wadda aka yarda da ita.

Ya ce, "Injiniya, na kai wa mutum uku a cikin gari, duk sun ce ba zai yiwu ba. Cikin wannan nake so ya koma cikin kwanson wannan."

Na san abin da za a yi da ita, ba yaro ba ne ni. Amma abin da kunnena ya riƙe shi ne mutum uku sun kasa. Kwana huɗu na yi ina kankare roba, ina sauya layukan madannai, har fanel ya zauna daram. In ka riƙe ta ba za ka ce an taɓa kwance ta ba.

Saura matsala ɗaya. Masu sa ido a jarrabawa sukan zura bakin biro a wani ɗan rami da ke bayan kalkuleta, su goge duk abin da ke cikinta kafin ɗalibi ya zauna. Na yanke layin da ke zuwa ramin nan, na karkatar da shi, na rubuta wani ɗan umarni yadda in an danna allo zai yi fayau ya nuna an goge, alhali komai na nan kwance. Fomula, amsoshi, duk abin da Ticha ya ba ni na zuba, ba ya fitowa sai an danna wasu madannai uku da ni na zaɓa. Da ya gani ya rungume ni ya ce ƙasar nan ba ta san darajar mutane irina ba. Na yarda da shi.

Shekara uku muka yi muna wannan. Duk lokacin jarrabawa ya gabato sai ya kawo kaya a buhu, ni kuma in yi aiki a ɗaki, ba a bakin titi ba. Ban taɓa kiran kaina ɓarawo ba. Cewa nake ni mai gyara ne, abin da mutum ya yi da kayansa tsakaninsa da Allah. Na yi aure, na kama ɗaki a wani gidan haya a Mahuta.

A gidan ne na san Baba Bitrus. Kafinta ne, mutumin kudancin jihar, ya manyanta, ba ya da yawan magana. Shi ya gyara mini ƙofar ɗaki ya ƙi karɓar ko sisi. Ranar da matata ta haihu, matarsa ce ta kwana da ita a asibiti. Da azumi sukan aiko mana da kunu, da Kirsimeti kuma mu ci shinkafarsu. 'Yarsu ta fari Rahila ce, tana ajin ƙarshe a sakandare, kuma duk gidan an san ita ce ta ɗaya a ajinsu. Aikin jinya take son karantawa. Baba Bitrus bai yi boko ba, amma in ana maganar karatunta sai ka ga ya ajiye abin da ke hannunsa ya gyara tsayuwa. Ya taɓa ce mini, "Ni katako na sani. Ita ce za ta san abin da ban sani ba."

Saura kwana biyu a yi jarrabawar lissafi, Rahila ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da safe.

"Ankul, kalkuletata ta mutu. Don Allah ka duba mini, jibi ne fefa."

Na buɗe, na tarar batir ya zubar da ruwa ya cinye fanel, babu abin cetowa. Gyaran gaskiya shi ne in haye gada in shiga cikin gari in sayo sabon fanel, ko in ce mata ta sayi wata. Amma ranar aiki ya yi mini yawa, ga cunkoson gada, ga kuma durowata cike da fanel da na riga na shirya wa Ticha, har da ragowar guda biyu. Na ɗauki ɗaya na dasa a kwansonta. Na san akwai kaya a cikinsa. Gogewa ta gaskiya sai na sake narka dalma na mayar da layin da na yanke, aikin da bai fi rabin awa ba. Ban yi ba. Na ce a raina babu wanda ya san madannan nan uku sai ni da yaran Ticha, ita kuwa ba ta sani ba, ba za ta taɓa sani ba, abin zai yi ta barci a ciki har ta gama. Na ɗaure sukurori na miƙa mata da yamma.

Ta gwada ta ce, "Kai, Ankul, ta ma fi da sauri. Nawa zan kawo?"

Na ce ta je kawai, Allah ya ba da sa'a. Har daɗi na ji wai na yi wa maƙwabci alheri.

Abin da ban sani ba shi ne, kwana ɗaya kafin jarrabawar lissafin an kama wani yaron Ticha a wata makaranta, ya tsorata ya nuna musu madannan. Zuwa safiyar lissafi labari ya zaga duk masu sa ido na yankin. Ba su tsaya a ramin baya ba, kowace kalkuleta sai sun danna mata ukun nan. A ajin su Rahila guda ɗaya ce ta buɗe, tata. An fitar da ita a gaban 'yan ajinsu, aka sa ta rubuta bayani, aka kira shugabar makaranta. Ta yi ta rantsuwa ba ta san komai ba. Duk wanda aka kama haka yake cewa.

Ina zaune a ƙofar ɗaki bayan la'asar Baba Bitrus ya shigo gidan, Rahila na biye da shi idanunta sun kumbura. Bai shiga ɗakinsa ba, wurina ya nufo. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Malam, yarinyar nan ta ce kai ka gyara mata abin nan. Ni ban san kan waɗannan kaya ba, kai ka sani. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, me ka sa a ciki?"

Na dube shi, na dubi ɗakina inda buhun Ticha yake ƙarƙashin gado, na tuna jaririn da ke bayan matata. Na ce, "Baba, batir kawai na canza na goge datti. Ko ta ba wata ƙawarta aro, ko an musanya mata a makaranta, yaran yanzu sai a hankali."

Rahila ta ce, "Ankul!"

Baba Bitrus ya gyaɗa kai ya ce ya gode, ya juya. Daga ɗakinsu ban ji duka ba, ban ji faɗa ba. Da na ji ma da ya fi mini sauƙi.

Ina so ku fahimci wannan wurin da kyau, don shi ne laifina na gaske. Makaranta ta ba su mako biyu su kawo duk wata shaida kafin a tura rahoto ga hukumar jarrabawa. Mako biyu ina fita ina shiga ta gaban ƙofarsu. Ina gaishe da Baba yana amsawa. Sau biyu na tsaya da niyyar magana, sai in tambaye shi aiki in wuce. Na kwashe kayan Ticha na zuba a rafi, na ce shi ke nan na tuba. Wa'adi ya cika, aka soke sakamakonta gaba ɗaya, aka hana ta sake zama na wasu shekaru.

Bayan wata ɗaya 'yan sanda suka kama Ticha, shi kuma bai ɓata lokaci ba ya kawo su teburina. Mutumin da ya ce ƙasa ba ta san darajata ba, shi ya nuna ni da yatsa daga cikin mota. A kotu an karanta mini laifin kalkuletocin da aka samu a hannun yaransa, na amsa. Babu wanda ya ambaci Rahila, don makarantarta daban ce, takardarta daban. Ni ma ban ambace ta ba. Na ce a raina in na ƙara wannan, alƙali zai ƙara mini.

Shekara biyu da 'yan watanni na yi a gidan yari. Mutane sukan so in ba su labarin wahala, kuma akwai ta: cunkoso, ƙuda, wake mai tsakuwa, ƙaiƙayin da ba ya jin magani. Amma gaskiya ban ji abin sosai ba. Tun ranar da na yi wa Baba Bitrus ƙarya wani abu ya ɗauke a cikina, kamar an zare fis. Ina ci, ina salla, ina kwanciya, in an ƙirga mu in amsa. Gandurobobi suka gano na iya gyara, suka riƙa kawo mini rediyo da tocila. Hannuna yana aiki, ni ina kallonsa. Mahaifina ya rasu ina ciki, aka gaya mini, na yi masa addu'a, hawaye bai zo ba. Matata ta koma gidansu, ban ga laifinta ba.

Akwai wani malami da yake zuwa yi mana wa'azi. Wata rana ya yi bayani cewa laifin da ke tsakaninka da Allah istigfari yana wanke shi, amma hakkin mutum sai ka je wurin mutumin. Maganar da na sani tun ina yaro ce. Na lissafa waɗanda na cuta, yaran da suka ci jarrabawa ba da iliminsu ba, da waɗanda suka yi karatu aka sha gabansu, duk ban san fuskarsu ba. Fuska biyu kawai na sani. Na ƙudurta ranar da na fita, kafin in nemi ɗana ma, Baba Bitrus zan fara nema.

Da aka sallame ni na tafi Mahuta. Wasu mutane ne a ɗakunan. Wata tsohuwar maƙwabciya ta ce sun tashi tuntuni, in nemi Rahila a bakin titin Gonin Gora. Ba ta ƙara mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba.

Na same ta a ƙarƙashin wata rumfa tana sayar da doya da manja ga matafiya. Ta rame, ta girma. Ta gane ni tun daga nesa, ba ta tashi ba. Na durƙusa a gefen tulin doya, motoci na wucewa, na faɗa mata komai: fanel ɗin, durowar, rabin awar da na ƙi ɓatawa. Na ce ta kai ni wurin Baba in faɗa masa da bakina.

Ta ce, "Baba ya rasu bara. Hawan jini."

Na zauna daɓas a ƙasa.

Ta ce, "Da aka kama ka na ce masa, Baba ka gani? Ya ce an kama ka ne a kan na wasu, ba a kan nawa ba. Ya ce ya tambaye ka da sunan Allah, kuma mutumin da muka ci abinci tare ba zai dube shi ya yi masa ƙarya a kan 'yarsa ba. Wai sai dai in ni na roƙe ka ka sa mini, kai kuma ka rufa mini asiri."

Wata mota ta tsaya, ta tashi ta yi ciniki, ta ɗora doya a but ɗin motar, ta dawo ta zauna.

"Bai taɓa zagina ba, Ankul. Daina tambayata karatu kawai ya yi. Jarrabawa zan iya sake zama, wa'adin ya kusa cika. Amma Baba ya tafi yana ganin ni ɓarauniya ce."

Na so in yi kuka, don ya kamata, kuma ko ba komai ta ga abin ya taɓa ni. Babu abin da ya zo. Na ce ta yafe mini. Ta ce wannan ba yau ba, wataƙila wata rana. Abin da take so shi ne in je Kamazou, inda suka koma, ranar Lahadi bayan an taso daga coci, in maimaita maganar a gaban mahaifiyarta da ƙannen Baba. Na je. Na tsaya a tsakar gida na faɗa daga farko har ƙarshe. Wani ƙanen Baba ya miƙe zai mare ni, aka riƙe shi. Mahaifiyar ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, 'yarta ta jawo ta rungume, suka yi ta kuka. Na kuma je kotu na yi takardar rantsuwa na ba Rahila, ko za ta yi mata amfani a wurin hukuma. Har yau ban san ko ta yi ba.

Yanzu ina gyaran fanka da dutsen guga a wani shago da ba nawa ba. Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa, ko da yake ba na jin sanyin da ake cewa mai tuba yana ji.

Ku masu hannu, ba na ce ku daina buɗe abubuwa ba. Ku buɗe, ku koya, sanin abin da ke ɓoye a cikin na'ura ba laifi ba ne. Amma in wani ya zo yana yabon hannunku fiye da kima, yana cewa kowa ya kasa sai ku, ku tambaye shi me za a yi da aikin, kuma in kun riga kun san amsar kada ku yi kamar ba ku sani ba. Kada ku mayar wa mutum kayansa da wani abu a ciki da bai sani ba, komai ƙanƙantarsa, ko da kuna ganin alheri kuka yi masa. In kuma kun riga kun yi ɓarnar, wanda ya yarda da ku ya zo ya tsaya a gabanku ya tambaye ku, ku faɗa masa a ranar, a wurin, ko me zai biyo baya. Ni na ɗaga tawa gaskiyar zuwa lokacin da zai fi mini sauƙi, da na kawo ta kuma babu wanda zan ba.